Hukuncin Mai Sikeli

Guiwa biyu ta durƙusa a bakin ƙofar gidan, cikin taɓon ruwan da aka yi da safe, hannunta na dama naɗe da tsumma saboda ƙunar dutsen guga. Kwana goma sha tara ke nan da korarta daga gidan, kuma ba ta yi fashin zuwa ko sau ɗaya ba. Tsohon da ake kira Mai Sikeli, uban marigayi mijinta, yana zaune a kan kujerarsa a baranda, ya ɗora hannu biyu a kan sanda, yana kallon bango kamar babu kowa a wurin.

"Baba, don girman Allah ka saurare ni... Ban zo roƙon ɗaki ba, ban zo roƙon abinci ba. Ka dubi fuskar yaron nan kawai. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce, Baba! Jiya na je asibiti na kwatanta wa wata ma'aikaciya yadda ya koma. Ta ce a kawo shi kada a jira, ta ce da alama wani abu ake ba shi..."

"Tashi."

"Baba..."

"Na ce tashi. Kina tara mini jama'a."

Daga cikin ɗaki yaron ya ji muryar uwarsa. Ya ƙwalla kira da wata dasasshiyar murya, "Mama! Mama!" Sai aka ji an rufe taga da ƙarfi. Matar ta kifa goshinta a kan dandamalin ƙofa ta fashe da kuka, irin kukan da ko dutse ya ji zai yi laushi. Tsohon bai motsa ba. Shekara saba'in da biyu ya yi a duniya, bai taɓa yanke magana ya dawo ya lashe ta ba, kuma bai ga dalilin da zai fara a kan yarinyar da ya yi jika da ita ba.

Ga yadda abin ya faro.

Shekara arba'in Mai Sikeli ya yi yana awo a wani babban sito. Buhu ya shigo, shi zai rataya shi a ƙugiya. Buhu ya fita, shi zai karanta allura. Bai yi karatu mai nisa ba, amma ya san lamba, kuma ba a taɓa kama shi da tauye awo ba. Da ya bar aiki, aka ba shi tsohon sikelinsa mai ƙugiya kyauta, ya rataye shi a azarar baranda. Maganarsa ɗaya ce a kan kowane sha'ani na duniya: mutum yana ƙarya, sikeli ba ya yi. 'Ya'yansa biyu. Babbar mace ce, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo. Ita ta goyi ƙanenta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta ƙi zaman aure har sau biyu saboda gidan ubanta, ta ɗauki ƙanen nata kamar ita ta haife shi. Ranar da ya kawo amarya gida, wata marainiya mai aikin guga a shagon wanki, Gwaggo ta ji kamar an yi mata fashi da rana tsaka. Shekara uku suna zaune tana haɗiye abin da ƙyar. Sai rana ɗaya ɗan ya faɗo daga saman ginin da yake aikin wuta, aka kawo shi a rufe. Ya bar matar da yaro ɗan shekara biyu wanda ya ci sunan kakansa, shi ya sa kowa ke ce masa Takwara.

Takwara siriri ne tun haihuwa, kamar ubansa. Ba ya son zama, ba ya son abinci, cokali uku ya ture kwano ya bi kaji da gudu. Uwar ta koma bakin aikinta, tana tafiya da shi shago, yana wasa a ƙarƙashin teburin guga har a tashi. Gwaggo kuwa ta samu abin faɗa, safe da yamma tana zuba wa ubanta a kunne.

"Baba, ka ga haƙarƙarin yaron nan? Ana iya ƙirga su daga bakin titi! Ta cinye uban, yanzu za ta busar da ɗan da tururin guga. Shi ke nan mana fa, Baba. In ya tafi, sunanka ya tafi."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta soki tsohon. Wata Asabar da hantsi ya kira su duka biyu baranda. Ya ɗaure bakin zane, ya zaunar da Takwara a ciki, ya rataya a ƙugiya. Yaron yana ta dariya, ya ɗauka lilo ne. Allura ta tsaya a kilo goma da ɗan abin da ba a rasa ba. Tsohon ya ɗauki alli ya rubuta a bango.

"Ba na son surutun mata," in ji shi. "Daga yau wata guda, yaro zai wuni a hannun gwaggonsa. In allura ta hau, riƙonsa nata ne. In ba ta hau ba, kada in sake jin bakin kowa. Na gama."

Uwar ta sunkuyar da kai. "Baba, a katinsa na asibiti sun ce nauyinsa daidai ne da tsawonsa..."

"Na ce na gama."

Allura kuwa ta hau! Sati na biyu ta motsa, sati na huɗu ta ƙaru da kilo ɗaya cur. Tsohon ya yi murmushin da rabonsa da shi tun kafin rasuwar ɗansa. Ya ɗaga yaron sama yana yi masa tsiya. "Kai Takwara, ashe rowar tsoka kake yi mana? To yanzu ka fara zama mutum. Saura kaɗan mu yi kokawa, in kayar da kai in ƙwace hular nan." Aka kwashe kayan yaron aka mayar ɗakin Gwaggo. Uwar ta tsaya a bakin ƙofarta tana kallo, hawaye na zuba. Sai dai ta roƙi abu ɗaya, a bar mata wankin kayansa da gugarsu. Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Ai dama abin da kika iya ke nan."

Wata biyu, kilo goma sha uku. Wata uku, goma sha huɗu da rabi. Lambobin alli suka yi layi a bango, kowa ya shigo gidan sai tsohon ya nuna masa su da bakin sanda. Maƙwabta suna ta sa albarka, suna jan kumatun yaron, suna cewa tabarkalla, hannun Gwaggo akwai auki. Mutum ɗaya ne a duk unguwar ba ya murna, kuma ita ce ta haife shi.

Wata yamma ta zo ta durƙusa a gaban tsohon, riƙe da riga da wando na yaron, a goge a ninke.

"Baba, ka gafarce ni, ina da magana. Ni nake goge kayansa, na san su kamar tafin hannuna. Rigunan duk sun matse shi, maɓalli ba ya rufuwa a ciki. Amma dubi wandon nan, Baba... wata uku ke nan, ko yatsa ɗaya bai ɗage daga idon sawunsa ba. Yaro mai girma ai sama yake yi, ba gefe kaɗai ba. Fuskarsa ta yi zagaye kamar faranti, amma ƙafafunsa sun ƙara sirancewa. Gashi ya fito masa a gadon baya. Bakinsa duk farin miki. Yaushe rabon da ka ga ya bi kaji? Taku biyar yake yi ya zauna yana haki. Ka bar ni in kai shi a duba shi, Baba, ko sau ɗaya..."

Gwaggo ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Kun ji ko? Kun ji baƙin ciki muraran! Uwa ce take kukan ɗanta ya yi ƙiba! Da yana hannunki kamar tsinken tsintsiya ba ki ce a kai shi asibiti ba, sai yanzu da ya zama abin kallo? Kunya ce ta ishe ki, mai guga, don an gane ba ki iya raino ba."

"Yaya, wallahi ba haka ba ne..."

"Kada ki sake ce mini Yaya! Wanda ya haɗa mu ya tafi."

Tsohon ya dubi wandon. Ya daɗe yana dubansa. Shi ma ya lura cewa yaron ya daina zuwa ya ja masa sanda. Amma sai ya ɗaga kai ya ga lambobinsa a bango, rubutun hannunsa, hukuncin bakinsa. In ya yarda da wando, ya ƙaryata sikeli ke nan, a gaban mata biyu.

"Abin da babba ya hango," in ji shi, "yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ɗauki tsummanki."

Bayan sati guda uwar ta kasa jurewa. Ta faki idon Gwaggo da ta shiga wanka, ta saɓi yaron ta nufi titi don ta kai shi asibiti. Nauyinsa ya hana ta sauri. Ba ta kai ga kwanar layi ba Gwaggo ta fito da kumfa a wuya tana kururuwa, "Jama'a ku tare ta! Za ta gudu da maraya! Za ta sace mana ɗa!" Mutane suka yi caa. Aka ɓamɓare yaron daga ƙirjinta yana ihu, tana ihu, ɗankwalinta ya faɗi a kwata. Wata mata ta tofa mata yawu. A gaban taron nan tsohon ya fito, ya nuna ta da sanda.

"Kin tsallake maganata. Gidana ya haramta gare ki."

Ta fita da jaka ɗaya. Ba uwa, ba uba, ba dangi a garin. Mai shagon wanki ya bar ta tana kwana a bayan shago tsakanin ƙullin kayan mutane. Sai ga shi wata rana hankalinta ya tafi wurin ɗanta, ta bar dutsen guga a kan rigar wani babban mutum har ta huje, garin ɗagawa ta ƙone hannunta. Nan take aka sallame ta. Wata tsohuwa mai sharar kasuwa ce ta ba ta gefen tabarma. Duk wannan tsohon bai sani ba a lokacin. Bai tambaya ba. Abin da ya sani kawai, kullum da safe tana bakin ƙofarsa.

To, a wannan safiya ta goma sha tara, da ta ambaci cewa wani abu ake ba yaron, tsohon ya ji ƙarar cokali ya faɗi a kicin. Ya kuma lura cewa ranar Gwaggo ba ta fito ta yi zagi ba, abin da ba ta taɓa fasawa ba. Ya lura, ya kau da kai.

Kwana uku bayan nan Takwara ya ƙi cin abinci, shi da yake kuka a ƙara masa. Rana ta huɗu ya fara amai. Da safiyar rana ta biyar tsohon ya shiga ɗakin, ya tarar da yaron a kwance shame-shame, jikinsa sanyi ƙalau, idanu sun kafe, leɓɓa sun yi fari. Ya kira shi, "Takwara! Kai abokina, tashi mana!" Shiru. Ya ɗaga hannunsa ya saki, hannun ya faɗi kamar tsumma. Gwaggo ta ɗora hannu a ka.

"Bakinta ne! Wallahi bakin matar nan ne ya kama shi!"

Tsohon ya yar da sanda, ya sungumi yaron, ya fita da gudun da rabonsa da shi shekara ashirin. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da ita, tana tsaye inda ta saba. Ta ga ɗanta yana reto a hannunsa. Ba ta yi ihu ba. Ta faɗa tsakiyar titi ta ware hannuwa a gaban wata motar haya, direban ya taka birki yana ashar, da ya ga yaron ya haɗiye sauran. A cikin motar ta karɓi ɗanta, tsohon bai hana ta ba. Ta manna bakinta a kunnensa tana ta faɗi, "Ga Mama nan... ga Mama ta zo... Ya Allah kada ka karɓe shi a kan laifin da bai yi ba, ya Allah shi kaɗai gare ni..."

A asibiti aka shige da shi da gudu. Bayan ɗan lokaci likita ta fito, mace ce mai furfura a goshi, ba ta da fara'a. Ta tsaya a gabansu su uku, har da Gwaggo da ta biyo su a baya.

"Wace ce uwar yaron?"

Gwaggo ta yi farat. "Ni nake riƙonsa, likita. Wannan ba ta gidan."

"To ke zan tambaya. Wane magani ake ba shi?"

"Magani? Babu! Abinci ne kawai, madara da ƙwai da shinkafa..."

"Baiwar Allah, shekara ashirin da biyar ina ganin yara. Madara ba ta yin irin wannan fuskar, ba ta fito da gashi a bayan ɗan shekara biyu. Akwai wata ƙwaya ta masu ciwo mai tsanani, wadda wasu ke sha don su yi ƙiba. Tana kumbura jiki, ta tsayar da girma, ta kashe ƙarfin da jiki ke yaƙar cuta da shi. In an daɗe ana ba yaro, sannan aka yanke masa rana ɗaya, to ga abin da ke faruwa. Mun fara abin da za mu iya. Amma ina so in san wace iri ce, nawa ake ba shi, yaushe aka daina. Ran yaron nan yana bakin ɗayanku."

"Ni ban san komai ba," in ji Gwaggo. "A tambayi uwarsa, ita ke yawo a ƙofar gida kullum."

 A nan ne tsohon ya tuna. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya wuce ta ƙofar kicin da safe ya ga 'yarsa tana murƙushe wani farin abu da bayan cokali tana zubawa a kofin madara. Sau ɗaya ya tambaya, ta ce na ƙarin jini ne. Bai sake tambaya ba, saboda allura tana hawa. Kuma sau nawa shi da kansa ya karɓi kofin nan, ya ɗora yaron a cinya, ya ce, "Shanye, Takwara, shanye ka zama ƙato"? Da hannunsa! Da hannun da bai taɓa tauye wa baƙo awo ba!

Ya juya ya dubi 'yarsa.

"Abin da kike niƙawa da cokali."

"Baba, ai na gaya maka na ƙarin..."

"Tun da aka haife ki ban taɓa ɗaga miki hannu ba, kuma yau ma ba zan ɗaga ba. Amma in yaron nan ya cika kina riƙe da maganar nan a ciki, ko gawata ban yarda ki gani ba. Faɗi."

Gwaggo ta sulale ƙasa a kan simintin asibiti. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Cikin kuka ta faɗi komai. Wani mai tallar magani a tire ne ya sayar mata, ya ce ita 'yan mata ke sha su yi kumatu. Tun sati na farko take ba shi, ƙwaya ɗaya safe, da ta ga tana aiki ta mayar biyu. Ranar da uwar ta ce an gane wani abu ake ba shi, tsoro ya kama ta, ta zuba sauran a masai. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalin da babu komai a ciki, wanda ta rasa inda za ta jefar kada a gani.

"Ni ba kashe shi na yi niyya ba! So nake ya zama nawa, Baba... Ta ɗauke mini ƙanena, na ce ba za ta ɗauke wannan ma ba. Kai ka ce in allura ta hau nawa ne! Kai ka ce!"

Likita ta karɓi kwalin ta juya da sauri. Tsohon ya tsaya kamar an dasa shi. Babu wanda ya taɓa gaya masa gaskiya mai ɗaci irin wannan, kuma daga bakin mai laifi ta fito. Ya waiwaya don ya dubi surukarsa. Ba ta ma kallon su. Ta dafa ƙofar ɗakin da aka shiga da ɗanta da hannun nan mai tsumma, leɓɓanta suna motsi.

Da azahar hukumar asibiti ta kira 'yan sanda, domin abin ya shafi ran ƙaramin yaro. Suka zo su biyu. Gwaggo ta kama ƙafar ubanta tana roƙo ya sa baki, ya san manya, a kashe maganar a gida. Ya zare ƙafarsa.

"Ku tafi da ita," in ji shi. "Ku rubuta har da ni. Ni na kafa dokar, ni na miƙa kofin."

Babban cikinsu ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Baba, doka ba ta da abin da za ta kama ka da shi. Je ka zauna." Hukuma ta sallame shi. Zuciyarsa ba ta sallame shi ba har ya koma ga Allah.

Kwana uku Takwara yana tsakanin rai da mutuwa. Uwar ba ta bar gefen gadon ba, ba ta ci ba sai ruwa. Tsohon yana kan benci a waje, ba wanda ya hana shi shiga, shi ne ya kasa. A nan tsohuwar nan mai shara ta same shi, ta kawo wa uwar abinci a ƙullin leda. Ba ta san ko shi wane ne ba, ta zauna kusa da shi ta kwashe labarin duka ta ba shi: kwanan bayan shago, rigar da ta ƙone, korar, hannun da ya ruɓe don babu magani, da yadda yarinyar ke rungume da wata 'yar rigar yaro in za ta kwanta. Ta rufe da cewa, "Wai kakan yaron ne ya kore ta. Ka ji tsohon banza! Ko da yake ita ba ta yarda a zage shi, sai ta ce uban mijinta ne, ruɗinsa aka yi." Tsohon ya ce, "Tsohon banza ne. Kin faɗi daidai." Ya juya fuska ga bango, hawaye suka gangaro cikin gemunsa, na farko tun yana yaro, domin ko ranar da aka kawo ɗansa a rufe bai bari an ga hawayensa ba.

A rana ta huɗu da hantsi yaron ya buɗe ido ya ce, "Mama, ruwa." Kukan da ta yi a ranar har ɗakunan maƙwabta aka ji shi. "Alhamdulillahi! Alhamdulillahi! Allah na gode maka..."

Ba a warke a rana ɗaya ba. Wata biyu suka yi a asibiti, an mayar da shi kan ƙwayar ana rage masa ita kaɗan-kaɗan yadda jiki zai saba. Kumburin ya saɓe, mikin baki ya tafi. Likita ta ce zai rayu, zai yi wasa kamar kowa, amma girman da ya rasa sai a hankali, kuma mai yiwuwa sa'o'insa su ɗan fi shi tsawo. Alƙali ya yanke wa Gwaggo zaman gidan yari, aka kama mai tiren ma. Matan unguwar da suka tare hanya ranar nan suka riƙa zuwa dubiya da kai a sunkuye, har da wadda ta tofa yawu. Uwar ta amsa gaisuwar kowa. A zamanta na jinya ba ta iya zaman banza, takan taya masu wankin asibiti ninkin zannuwan gado. Shugabar sashen ta ga yadda hannunta ke tafiya, ta ɗauke ta aiki, aka ba ta ɗaki ɗaya a gidajen ma'aikata. Mahaƙurci mawadaci.

Wata Lahadi da la'asar Mai Sikeli ya sa rigarsa mafi kyau, ya tafi can. Ya yi sallama ya jira sai da aka ce ya shigo. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Ɗakin ƙarami ne, katifa ɗaya, risho, teburin guga, kujera ɗaya. Ta jawo masa kujerar. Ya ƙi, ya zauna a ƙasa.

"Baba, don Allah ka hau kujera, ƙafarka..."

"Bar ni a nan. Ni ban iya dogon zance ba, 'yata. Na zalunce ki. Kin zo mini da gaskiya sau uku, na kore ki sau uku. Ɗana ya bar mini amanarki, na jefar da ita a titi. Ba ni da hujja. In kin yafe, alheri kika yi. In ba ki yafe ba, ba ki yi laifi ba."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna girgiza. 

"Na yafe, Baba... duniya da lahira na yafe. Tun ranar da na gan ka ka fito da shi a hannu ba sanda na yafe."

"To ki dawo gida. Na sa an yi wa ɗakinki fenti."

Ta share ido, ta dube shi kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba.

"A'a, Baba. Ƙofar nan a buɗe take gare ka kowace rana, jikanka ne, ba wanda zai raba ku. Amma gidan can ba zan iya ba. Kuma daga yau, abin da ya shafi yaron nan, ni zan yanke."

 A rayuwar tsohon babu wanda ya taɓa ce masa a'a a fuskarsa ya kwana lafiya. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Haka ne," in ji shi.

Duk wannan lokaci Takwara yana laɓe a bayan uwarsa, yana leƙen tsohon da ido ɗaya. Ya rame, wuyansa ya fito, gajere ne a kan shekarunsa. Tsohon ya miƙa masa hannu. Yaron ya noƙe, ya ƙanƙame zanen uwarsa. Tsohon ya janye hannun ya ɗora a guiwa.  Da ya ga rana ta yi sanyi ya fara laluben sandarsa zai tashi.

Sai yaron ya zame ta gefen bango, ya kai bakin ƙofa, ya sunkuya ya ɗauki takalmin tsohon ƙafa ɗaya, ya dube shi, ya kwasa a guje tsakar gidan yana ƙyalƙyala dariya.

"Kai! Kawo takalmin Kaka!" in ji uwar, ta yunƙura za ta bi shi. "Kawo nan, tafiya zai yi!"

Tsohon ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Idonsa yana kan yaron, gemunsa ya jiƙe sharkaf.

"Ƙyale shi, 'yata... ƙyale shi ya yi ta gudu. Ba sauri nake ba. Babu mai jirana a gida."